Komin Davou

Kakana Davou ya haƙi kuza a Bukuru
shekara ashirin da shida, har bayansa ya lanƙwashe.
Da kamfani ya naɗe tabarmarsa,
abin da ya samu: tari, da akwatin katako guda.
Ya ɓamɓare murfin, ya kafa masa ƙafa huɗu,
ɗaya ba ta kai sauran ba,
ya ɗauka a ka har majami'a, ya ce: ga komi.

Tun daga ranar, kowace Kirsimeti
sai an nemo jariri a Tudun Wada
an kwantar da shi kan ciyawar acca.
Yara su yafa zannuwan iyaye, su zama makiyaya,
wani ya ɗaura tocila a gora, ya zama tauraro.

Autansa Rwang ne ya fara kwanciya,
ya tsala kukan da ya sa fasto rufe littafi.
Ni ma an ce na kwanta, na jiƙa ciyawar sharkaf.
Maryamu ta shekarar, yau shugabar zumuntar mata,
har gobe tana yi mini gori a kasuwar Taminus.

Sai shekarar da hayaƙi ya haɗiye gari.
Ba zan ƙirga sunaye ba, bakina ba zai ɗauka ba.
Kwanon rufi ya narke, bencina suka zama toka.
Ɗanliti mai facin taya, da muka sha gwate kwano ɗaya,
shi ya ja komin daga wuta da hannunsa,
ya binne shi ƙarƙashin tayoyi wata uku
bai gaya wa kowa ba.
Gefe guda ya ƙone. Har yau in ka shafa
sai baƙin ya biyo yatsa.

Kirsimetin bana ɗin nan muka yi ba rufi,
sanyin Jos yana cizon kunne,
ba wanda ya nemi tocila, ga taurari birjik.
Amma komi fayau, kowace uwa ta ƙanƙame nata.
Can sai Kangyang ta taso daga baya,
wadda aka binne mijinta tana da ciki wata bakwai,
ta kwance goyo, ta sa.
Ba wanda ya iya ɗaga waƙa.
Jaririn ne ya yi atishawa, muka fashe da dariya da kuka.

A nan na gane abin da nake ji tun ina yaro ban ji ba:
Allah bai jira duniya ta gyaru ba.
Ana ƙidayar haraji, masauki ya cika,
Hirudus yana wasa takobi,
ya zo ƙanƙani, sai an goya shi,
sai an ba shi nono, sai an gudu da shi cikin dare.
Imanuwel. Ba daga nesa ba. A tsakar gida.

Bana jikata ce a ciki, 'yar Simi, kwana arba'in.
Mace ce, amma ba wanda ya tanka.
Goggo Kaneng, da idonta ya tafi tuntuni,
ta sa aka kai ta gaba,
ta lalubi tafin ƙafar, ta ƙirga yatsu biyar,
ta ce: to, na gani.

Ɗana Pwajok, mai digiri a jaka da Napep a titi,
wanda jiya ya tambaye ni, "Baba, wane bege?"
yana tsaye bakin ƙofa, hannu a aljihu.
Komin ya soma rangaji, gajeriyar ƙafar nan.
Ban san lokacin da ya ratso taro ba.
Na dai gan shi durƙushe
yana cusa dutse a ƙarƙashi,
daidai inda Davou yake sa nasa,
bai kuwa tashi ba har aka gama karatu.